Fawa bank ya kumbura cikin wata biyu, mi ya kamata in yi?

Telan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida, Allah shi sa mun wuni lahiya. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san harkar waya. Wata biyu da sunka wuce nis sayi fawa bank, an rubuta 50000mAh bisa jikinai da manyan baƙi, mai shagon yac ce mani sai in yi kwana huɗu ban nemi wuta ba. To wallahi tun ranar hwarko sau ɗaya da rabi shika cika wayata shi mutu, kuma batirin wayar 5000 na. Nic ce wataƙila don sabo na, bari in yi haƙuri. Jiya da dare na jawo shi daga ƙarƙashin matashin kai sai nij ji bayanai ya tashi, na haska tocila nig ga ya kumbura hal murhin ya hwara buɗewa ta gehe guda. Yanzu ban san ko in ci gaba da aiki da shi ba ko in yar, ga shi kuɗɗin sun yi mani ciwo don sai da nit tara su. Na biyu kuma ina son iyafis marar igiya wanda ka riƙe caji, don in ina bisa keken ɗinki igiyar kullum sai ta sarƙe da zare, kwastoma na kira ina ta hwama. Wane iri za ni saye wanda ba za a sake cuta ta ba?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Malam tun kahin a je ga maganar kuɗɗi, don Allah kak ka sake sa abin ga caji, ko sau ɗaya. Kak ka danne shi don shi koma, kak ka soke shi da allura wai iska ta hita, na san mutane na yin haka. Batirin da ya kumbura gas na ya taru cikinai, in iska ta shiga ko ya huje yana iya kamawa da wuta nan take, kuma irin wutar da ke tashi da ƙarhi ta. Hidda shi daga ɗaki yanzun ga, ka samu tsohuwar tukunyar ƙasa ko bokitin ƙarhe ka zuba rairayi ka aje shi ciki, inuwa, nesa da yara da buhun gawayi. Kai da ke da yadudduka cike da shago ma ai abin ya hi muni.

Telan Mabera:
Innalillahi. Yanzu haka yana bisa teburin yanka kusa da shaddodin mutane. Bari in tashi.

Maman Ummi Arkilla:
Subhanallahi, ƙarƙashin matashin kai fa ka ce ɗan uwa? Allah ya tsare. Ni ma haka yarana ke yi da dare, su haɗa waya da fawa bank su tura ƙarƙashin filo su kwanta, yau kam zan hana.

Malamin Fizis:
Allah ya tsare gaba Malam tela. Bari in ɗan yi bayanin lambar nan don ita ce ake cin mutane da ita kullum, ku yi haƙuri zan ɗan ja.

Batirin da ke cikin fawa bank na lithium ne, ƙarfinsa bolt 3.7 ne. Lambar da suke rubutawa a kwali, 10000 ko 20000, a kan wannan 3.7 ɗin aka auna ta. Amma wayarka ba ta karɓar caji a 3.7, ta kebul bolt 5 ake tura mata ko sama da haka in mai saurin caji ce. To dole na'urar ciki ta ɗaga wutar daga 3.7 zuwa 5, a nan wani kaso ke zama zafi ya tafi, a cikin wayar ma a sake sauke ta wani kason ya sake tafiya, kebul ma ya ci nasa. Shi ya sa ko na gaskiya ne ɗari bisa ɗari ba za ka taɓa samun abin da aka rubuta ba.

Ga lissafin. Mai 20000mAh, ka ninka da 3.7 ka raba da dubu, ya ba ka 74Wh, wannan shi ne ainihin abin da ke cikin tulun. Waya mai batir 5000mAh tana shan kusan 19Wh kafin ta cika. In ka cire asarar hanya, abin da zai rage ya cika ta sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba kamar yadda mutum zai ɗauka in ya raba 20000 da 5000. Mai 10000 kuma sau ɗaya da ɗan wani abu zuwa ɗaya da rabi. To kai Malam da ka ce naka sau ɗaya da rabi yake yi, abin da ke ciki bai wuce 10000 ba, sun dai buga masa 50000 a jiki ne kawai. Na gaskiya mai 50000 ya kamata ya cika wayar nan taka sau shida ko bakwai.

Kamfanonin kirki suna rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙi a ƙasan abin ko bayan kwali, inda za ka ga 5V kusa da ita, misali mai 20000 ka ga an sa 12000 ko 13000. Wannan ita ce wadda za ta iso wayarka. In ka juya kwali ba ka ga wannan ba, ba ka ga Wh ba, to ka aje musu kayansu.

Ɗan Runjin Sambo:
Allah shi gahwarta Malam, yau na gane abin da ya daɗe yana damu na. Ni ina ta zargin nau ya lalace ashe sau ukun da shika yi daidai na.

Mai Gyaran Waya:
Ƙari bisa maganar Malam, hannu ma na gaya maka gaskiya. Ƙwayar batirin nan mai kama da na tocila da aka kira 18650, mai kyau cikinsu bai wuce 3500mAh ba, nauyinai kuma giram arba'in da wani abu. To ƙirga guda nawa za a jera kahin a kai 50000, sha huɗu ko sha biyar ke nan, batiran kaɗai sun tasam ma giram 700 ban da gida da na'ura. Na gaskiya mai 50000 nauyinai ya kai kilo ko ya hi, awa bulo shike, ba ya shiga aljihun riga. In anka miƙo maka abu sakwat kamar sabulun wanka anka ce 50000 na, ƙarya ta.

Amma hwa su ma masu jabun sun gane mutane na auna nauyi. Na sha buɗe wanda anka kawo mani gyara, batir shidda jere, biyu kaɗai ad da waya haɗe, sauran huɗun gwangwani na cike da rairayi. Da idona, ba labari ba. Wani kuma tsohhin batiran kwamfuta na anka ciro anka sake musu riga.

Alhajin Shago:
Ni ɗan kasuwa na, kayan waya nika saidawa shekara da shekaru, kuma ban jin daɗi in anka taru anka ce 'yan kasuwa macuta na. Ku hwaɗi gaskiya dut. Mutum na zuwa shagona in aza mashi na kirki mai 20000 in gaya mashi kuɗɗinai, shi ce Alhaji ai ga can ana saida mai 50000 rabin kuɗɗin ga. In ce mashi wancan ba gaskiya ba na, shi dube ni awa ni ka son cutatai, shi tahi. Bayan wata guda shi dawo yana hwaɗin dut mu ɗaya muke. Wanda yas saida ma tela abin ga bai kyauta ba, ban kare shi, haramun na ka saida abu ka san ba haka shike ba. Amma jama'a ku ma ku bar son banza, arha ba ta ado.

Telan Mabera:
Alhaji gaskiyarka, ni ma arhar ta ja ni, ban musu ba. Amma ni ban san lissahin ga ba sai yau, shi kuwa da yas sai mani na tabbata ya sani. Na hidda shi waje, yana cikin tsohon kaskon turare da rairayi bayan shago.

Alhajin Shago:
Madalla. In za ka sake saye, ka nemi risiti da sunan shago bisa, ka tambayi garanti wata nawa, kuma ka buɗe kwalin gaban mai shago. Kamhwanoni da yawa na sa wata 'yar takarda bisa kwali da aka kankarewa a ga lamba, ka shiga shahinsu ka sa lambar su gaya maka ko nasu na. Wanda yaƙ ƙi bari ka kankare bayan ka biya, karɓi kuɗɗinka.

Ɗalibar Dundaye:
Ni tambayata a kan zafi ce. A hostel in bazara ta yi, wajen Afrilu haka, fawa bank ɗina har ba ya taɓuwa in yana caji, ga shi wuta in ta zo kowa rububin soket yake, sai ka ga an jera guda goma a kan katifa ɗaya. Shin zafin garin nan yana kashe su ne ko dai nawa ne ba shi da kyau?

Malamin Fizis:
Yana kashe su ƙwarai 'yata. Batirin lithium ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuma nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu iskar gari kanta tana wuce 40 a inuwa. To ɗauki ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana, ki ƙara zafin da cajin kansa ke haifarwa, ki ɗora shi kan katifar soso wadda ba ta barin zafi ya fita. Kin ga an wuce iyaka tuni. Ba lallai ya fashe ba, amma ƙarfinsa zai riƙa raguwa da sauri, wanda ya kamata ya yi miki shekara biyu ko uku sai ya gaji a ɗaya. Ku riƙa ajiyewa a kan siminti ko tayil, kowanne da ɗan fili tsakaninsa da ɗan uwansa, kada a lulluɓe da hijabi ko littafi. In da hali a yi cajin da dare ko da asuba. Kuma a daina cajin fawa bank alhali shi ma yana cajin waya a lokaci guda, zafi biyu ne ke haɗuwa.

Ɗan Runjin Sambo:
To a sa shi hirij mana shi huce?

Mai Gyaran Waya:
A'a. In ka hiddo shi daga sanyi zuwa zahi raɓa ka taruwa cikinai, ruwa bisa na'ura kuma ka san sauran. Inuwa da ƙasa mai sanyi sun isa. Kusa da randa ma ya yi in dai ba ya jiƙewa. Abin da ya hi kashe su wurin direbobi shi na aje shi gaban gilashin mota a kulle a tahi sallar azahar, cikin motar da anka rufe da rana zahin ya wuce na waje nesa ba kusa ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni ƙarƙashin sirdin mashin nika sa nau, kusa da inji. Daga yau ya koma aljihu.

Amma ku zo ga maganar iyafis ɗin don ni ma ita ta kawo ni. Na sayi irin ƙananan ga masu akwati sau biyu, na hwarko guda ya hwaɗi wajen shataletalen Dandima mota ta bi ta kai, na biyu kuma in ina bisa mashin wanda nika magana da shi iska kawai shika ji.

Mai Gyaran Waya:
Ga kai da tela dut shawarata guda ta, ku sayi mai rataya ga wuya. Dalili, ƙananan nan batirin da ke cikin kowane kunne ɗan mitsitsi na, 30 zuwa 50mAh, awa huɗu zuwa shidda ya ƙare sai ka maida shi akwati. Kuma ba a canza mashi batir, in ya gaji ya gaji ke nan. Na wuya kuwa yana da wurin batir babba, wani sai ka wuni biyu kana aiki da shi, in ka cire daga kunne yana nan rataye ba ya hwaɗuwa, makirhon nai kuma ya hi kusa da baki. Tela na iya jin karatunai yana taka keke, kwastoma ya shigo shi zare guda su gaisa.

Sai dai kai mai mashin, don girman Allah kunne guda. Kuma kak ka sayi mai toshe ƙarar waje.

Ɗan Kabu-kabu:
Mi an nan mai toshe ƙara?

Malamin Fizis:
Iri biyu ne mutane ke rikitawa, kuma kwalayen ma da gangan suke rikita su. Akwai wanda ake rubuta wa ANC, shi yana da ɗan makirfo da ke sauraren ƙarar waje, sai ya ƙirƙiri kishiyarta ya tura cikin kunnenka su kashe juna, ka ji duniya ta yi tsit. Yana da daɗi a cikin jirgi ko kusa da janareto, amma a kan titi hatsari ne tsantsa, tirela na maka hon ba ka ji. Ɗayan kuma ENC, shi ba kunnenka yake yi wa aiki ba, muryarka yake tacewa don wanda ke can ɗaya ɓangaren ya ji ka sosai. Kai wannan na biyun kake buƙata. Duk da haka in kana gudu iska sai ta shiga, gara ka tsaya gefe ka amsa. Dokar hanya ma ta hana amfani da waya ana tuƙi.

Baba na Ƙofar Atiku:
Ni dai bari in sa baki ko da ba ku so. Abin ga ya ɓata muna tarbiyyar ɗiya. Ka yi ma yaro sallama sau ukku bai amsa ba, sai ka matsa ka ga wani hwarin abu cikin kunnenai. Jikana ina mashi magana yana kallo na yana dariya ashe da wani can shika yi. Ran nan cikin sahu wani saurayi yat tada kabbara da abin ga kunne, sai da nit taɓa shi. Can dauri in babba na magana ko hula sai ka gyara. Ban ce haramun na ba, ni ma ɗiyata ta saya mani ina jin tafsiri da shi in na kwanta, amma komi da wurinai.

Ɗalibar Dundaye:
Baba gaskiya ne wallahi, Allah ya ƙara girma. Ni kaina sai da mahaifiyata ta yi min faɗa a kan haka, yanzu in zan shiga gida tun daga zaure nake cirewa. Sai dai Baba wani lokacin ba raini ba ne, a ɗakinmu mu takwas ne, in ba ka toshe kunne ba ba ka iya karatu.

Baba na Ƙofar Atiku:
Wanga kam uzuri na ɗiyata, Allah shi ba da sa'a.

Maman Ummi Arkilla:
Ni abin da ke tsorata ni, an turo mana wata murya a wani zaure wai Bluetooth na dafa ƙwaƙwalwa yana kawo ciwon kansa, wato ciwon daji. Tun ranar na ƙwace na babban ɗana. Da gaske ne?

Nas ɗin Gawon Nama:
Hajiya ki kwantar da hankalinki. Bluetooth igiyar rediyo ce mai rauni sosai, shi ya sa in kin yi nisan mita goma da wayar yake yankewa. Wayar kanta da ake mannawa a kunne, wadda sai ta yi magana da eriyar da ke can nesa, ta fi shi fitar da ƙarfi sau da yawa. Kuma ba irin hasken hoton ƙashi ba ne da ke iya taɓa ƙwayoyin jiki. Babu wata hujja tabbatacciya da ta nuna yana kawo ciwon kansa.

Abin da ya kamata ki ji wa tsoro shi ne ƙara, kuma wannan kam ba a magana a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren abu da ƙarfi. Ma'aunin da suka bayar ga babba shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 40 a mako, in ƙarar ta ƙaru lokacin sai ya ragu sosai. A sauƙaƙe, kada ya wuce kashi 60 na ƙarar wayar, kuma ya riƙa cirewa kunne ya huta. In kina zaune kusa da shi kina jin abin da yake ji, ya yi yawa. In ya cire ya ce yana jin wani ƙuuu a kunne, gargaɗi ne. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa, ba magani ba tiyata da ke dawo da su.

Sai kuma aro. Yara su daina karɓar na juna suna cusawa, ga gumi ga zafi, ciwon kunne ke nan. A riƙa goge robar.

Maman Ummi Arkilla:
Na gode ƙwarai 'yar uwa, Allah ya saka. Zan mayar masa amma da sharaɗi.

Ɗan Runjin Sambo:
Wai ni sunan Bluetooth ɗin ma, da ka nuhin shuɗin haƙori da Turanci, mi ya kawo haƙori ciki?

Malamin Fizis:
Laƙabin wani sarkin Denmak ne, Harald, da ya yi zamani sama da shekara dubu da suka wuce, ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikin fasahar a 1994, da aka zo sa suna sai aka ɗauki nasa tunda ita ma haɗa na'urori take yi. Alamar nan da kuke gani a waya haruffan farkon sunansa ne biyu a tsohon rubutunsu aka haɗe.

Telan Mabera:
To jama'a na ji na wuya za ni saye. Saura fawa bank, wane za ni ɗauka? Wani abokina yac ce in sayi mai sola bisa bayanai tunda rana ba ta yi muna wuya garin ga.

Mai Gyaran Waya:
Kak ka soma. Ɗan gilashin solar da ke bisa bayansu bai hi tahin hannu ba, da ƙyar shi ba da wat ɗaya. Malam ya ce mai 20000 na ɗauke da 74Wh, to ƙirga awa nawa na rana tsaka za shi sha kahin shi cika, ya hi mako. Kuma kana shanya batir cikin ranar Sakkwato, abin da munka gama cewa shi ka kashe shi. In sola kaka so, sayi hwaranti daban mai wat 20 ko sama, mai doguwar waya, hwarantin na rana fawa bank na inuwa. Mutanen ƙauye wajen Gwadabawa da Tangaza da yawa haka suka yi kuma yana musu aiki.

Alhajin Shago:
Ni ga mai sana'a irin taka 20000 na gaskiya nika ba shawara. Oraimo da Itel dut gidan da ka yin Tecno da Infinix na, suna ko'ina cikin gari, akwai Anker da Xiaomi ga mai ƙarin kuɗɗi. Amma sunan kaɗai bai isa ba don wanda ya hi karɓuwa shi aka hi yi ma jabu, sai ka bi matakan da nig gaya maka.

Abu guda da mutane ba su dubawa, saurin da shi kanai ka shan caji. Mu da wuta ka zo muna awa biyu ukku ta tahi, mi za ka yi da tulun da sai ya kwana yana cika? Mai 20000 in da ƙaramar caja ta wat 10 na sai ya yi awa takwas ko goma. In yana karɓar wat 18 ko sama ta bakin USB-C, kuma cajarka da kebul ɗinka na iya ba da haka, wajen rabin lokacin ya isa. Dubi wurin da anka rubuta abin da ka shiga, ba abin da ka hita kaɗai ba. Kuma kak ka sayi fawa bank mai tsada ka haɗa shi da kebul na ɗari biyu, siririyar wayar da ke ciki ba ta ɗaukar wutar.

Ɗalibar Dundaye:
Ni kuma in na sa akwatin iyafis ɗina a fawa bank sai ya ɗauke bayan 'yan daƙiƙu, na ɗauka ya lalace.

Mai Gyaran Waya:
Lahiyatai lau. Wutar da akwatin ka ja kaɗan ta ƙwarai, sai fawa bank shi ɗauka ba a haɗa komi ba shi kashe kanai. Da yawa in kin danna maɓallin sau biyu ko kin riƙe shi yana shiga yanayin ƙananan kaya, dubi 'yar takardar da ke cikin kwalin. Sannan lokacin hunturu ƙura na toshe 'yar ragar bakin iyafis, mutum shi ce kunne guda ya rage ƙara, ki samu busasshen buroshin haƙori ki share a hankali, ban da ruwa ban da tsinke.

Hajiyar Minanata:
Tunda ana maganar, bari in tuna wa masu niyyar Umara da Hajji. Bara a filin jirgin Sultan Abubakar III sai da aka sa wata a ayarinmu ta buɗe babbar jakarta ta ciro fawa bank, ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba sai a jakar hannu.

Malamin Fizis:
Haka ne Hajiya, ƙa'idar jirage ce a ko'ina, don in ya kama wuta a sama gara a inda ake ganinsa. Iyakar da ake bari ba tare da neman izini ba 100Wh ce, wato wajen 27000mAh. Daga nan zuwa 160Wh sai kamfanin jirgi ya yarda, sama da haka ba ya hawa sam. Mai 50000 na gaskiya 185Wh ne, kun ga ya fita. Wanda lambar jikinsa ta goge ma suna iya karɓewa. Tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, wadda aka danganta da fawa bank a ma'ajiyar kaya ta sama, kamfanoni da dama suka ƙara tsanani, wasu sun hana a yi amfani da shi a cikin jirgi gaba ɗaya. Mai tafiya ya tambayi kamfaninsa tun kafin ranar tashi.

Telan Mabera:
Allah shi saka muku da alheri baki ɗaya. Na koma wurin wanda yas sai mani da la'asar, na nuna mashi hoton yadda ya kumbura, da hwarko yac ce ni nib bar shi ga rana, da nik karanta mashi lissahin Malam gaban mutane sai yac ce in dawo Asabar shi ba ni rabin kuɗɗina. Na yarda. Na roƙe shi kuma shi sauke sauran da ke rataye, ya ce za shi duba. Yanzu shi wanga da ke cikin kasko ƙaƙa za ni yi da shi? In jehwa bola?

Mai Gyaran Waya:
A'a, bolar unguwa kullum cinna mata wuta aka yi, ga almajirai da yara na tone-tone ciki. Kuma kak ka ba 'yan gwangwan ba tare da ka gaya musu mi a ciki ba, da guduma suka hwasa kaya. Bar shi cikin rairayin, gobe in ka tashi ɗauko shi da kaskon duka kak ka sa aljihu, ina da bokitin ƙarhe da nika tara irinsu bayan shago. Na turo maka kwatance ta akwatinka, in ka zo bayan azahar kana iske ni.

Telan Mabera:
To sai na zo in sha Allah. Zan taho da kebul ɗina da cajar ma ka duba mani su.